Jakadan Yaya Iyatu

Talata ta uku ke nan Iyatu tana zuwa bakin gonarta jiran ruwa, ruwa bai zo ba. Kwatar da ta ratsa ta gefen gonar ta bushe har ta tsattsage, ƙadangaru sun mai da ita hanyar tsere. Tumatur ɗin da ta dasa ya sunkuyar da kai, na komayen can ƙarshe ma ganyensa ya fara naɗewa. Da ruwan wani kududdufi da damina ta bari ta yi ta lallaɓa shi, garwa bayan garwa, yanzu kududdufin ya koma taɓo. Duk wanda ya san noman rani in ya duba zai gaya maka cewa in Asabar ta wuce ba a ba shi ruwa ba, sai dai a tuge a zubar.

Gonar eka ɗaya ce, a wutsiyar kwata, cikin filayen ban ruwa na gefen Bunkure. Ita mijinta, Malam Nasiru, ya bari da ya rasu a tsakiyar damina. 'Ya'yansu huɗu duk mata ne, kowace tana ɗakinta, don haka da Iyatu ta fita takaba sai ta sha ɗamara ta ce ita za ta noma abinsu. An yi ta ba ta baki ta ba da haya, ta ƙi. Shekara talatin da biyu tana kai abinci gonar nan, ta ce ba za ta zauna a gida tana jin wani yana kiranta tasa ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san inda ruwan yake tsayawa. Daga bakin gonarta tana hango wani farin buhun yashi an danne kwatar da shi, daidai kusurwar gonar da ke sama da tata. Ranar Talata da Asabar ake sako wa layinsu ruwa daga babban kanal. Ruwan yakan zo ya shayar da gonakin sama, ya iso kan buhun nan ya tsaya cak. Mai gonar kuwa ba kowa ba ne illa Hambali, mijin Khaulat, 'yarta ta fari.

Da wani ne, da tuni Iyatu ta je ta wanke shi tas, don bakinta ba na wasa ba ne, masu awo a kasuwar Bunkure za su ba da shaida. Amma suruki fa? Shekara goma sha ɗaya da auren, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa haɗa ido ba. In ya hango ta a hanya yakan tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa gaisuwar tana kallon wani wuri. Ta gaya wa Khaulat ma ba ta taso ba, yarinyar tana da tsohon ciki, ga hawan jini, an ce a raba ta da ɓacin rai. Ta je wurin shugaban masu ban ruwa, gari ya ɗauka cewa ta kai mijin 'yarta ƙara? Gara tumatur ɗin ya mutu. Haka take faɗa da baki, amma in ta dubi ganyen nan da ke naɗewa sai ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta yi ta ihu.

Ana cikin haka, ranar Alhamis, sai ga Dakta.

Dakta Abdulrauf ƙanenta ne, autan gidansu, ita ta goye shi har bayanta ya yi kanta. Yanzu malamin kimiyyar siyasa ne a jami'a, ya rubuta littafi mai kauri a kan yadda ƙasashe suke juya junansu, kuma duk Lahadi da hantsi ana jin sa a rediyo yana sharhi a kan harkokin ƙasashen waje. Iyatu ba ta bari shirin ya wuce ta. Rabin maganar ba ta gane ta, amma takan ƙure muryar rediyon ta ɗora shi a kan katanga don maƙwabta su amfana. In an gama, matan unguwa su leƙo su ce, "Yau ma ƙanenki ya yi wa Turawa kaca-kaca," ita kuma ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Har ya shekara bakwai tsoron akuya yake ji." Amma in ka lura, tuwon ranar har da man shanu.

Ba ta yi niyyar gaya masa ba. Yana cikin cin ɗanwake ya dube ta ya ce ta rame, maganar ta kuɓuce mata. Kafin ta rufe baki ya wanke hannu ya ce a kai shi gonar.

Ya tsaya a kan gaɓar kwatar cikin farar shadda da takalmi sau-ciki, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya gyara tabarau. Sai Iyatu ta ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Yaya, kin san abin da nake gani? Masar da Habasha!"

"Ni tumatur nake gani yana mutuwa."

"Tsaya ki ji. Kogi ɗaya suke sha. Habasha tana sama, Masar tana ƙasa, kamar ke. Ta sama ta gina dam, ta ƙasa hankalinta ya tashi. Duk wanda yake sama da kai a kan ruwa yana da iko a kanka ko bai harba harsashi ɗaya ba. Babi guda na yi a kan wannan."

"To babin ya ce a yi yaya, Auta?"

Auta ya zuba hannu a baya ya fara kai da kawowa, yana magana da irin muryar nan ta rediyo. Ya ce ƙaramar ƙasa in babba ta matsa mata, abu na farko sai ta nemi ƙawaye, waɗanda abin ya shafa kamar ita, su haɗa baki.

"Ni ce ta ƙarshe," in ji Iyatu. "Bayana sai tururuwa."

"To, takunkumi. Me kike ba shi wanda in kin hana zai ji a jikinsa?"

Ta yi ɗan tunani. "Duk Juma'a ina aika musu dambu. Da kuka, da daddawa."

"Yauwa! A dakatar."

"Sai jikokina su wuni suna tambayar ina dambun Kaka? Shi ubansu ai kasuwa zai shiga ya ci tsirensa."

Dakta ya tsaya, ya dube ta, ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. "Wallahi, Yaya, abin da nake ta faɗa wa ɗalibai ke nan. Takunkumi yara yake kamawa, bai cika kaiwa ga masu mulki ba. Shekara uku na yi ina tara hujja, ke kin faɗa a tsaye."

Ta ji daɗi, ba ta dai nuna ba. Da ya kawo zancen kai ƙara, kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye sauran. Ya ɗan zagaya ta kan cewa ƙaramar ƙasa mai wayo takan mai da kanta abin buƙata ga babba, ya kawo misalin wutar lantarki da mai da hanyar jiragen ruwa, har Iyatu ta fara hamma. Can ya ɗaga yatsa.

"Saura ɗaya, kuma da shi na fi yarda. Shugabanni su zauna ido da ido. Yawancin rigimar duniya rashin zama ne, Yaya. Mutum biyu, teburi ɗaya, minti talatin."

"Kul, Auta."

"Ai shawara ce."

"Na ce kul."

Ya ce to. Ita kuma, da yake ta manta irin taurin kan da ta goya, ta ɗauka maganar ta mutu.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a tana tsakar gida tana wanke-wanke sai ta ji ya ƙwala mata kira daga zaure. "Yaya, zo ki ga wani abu!" Ta taso da jiƙaƙƙen hannu, da ɗan ƙaramin mayafi a kafaɗa. Tana ɗaga labulen buhu ta yi turus. Dakta ya aro kujerun roba uku ya jera suna kallon juna, ya sa teburi a tsakiya da robar ruwa uku. A kan ɗaya kujerar, a can bakin-bakinta kamar an zaunar da shi a kan ƙaya, Hambali ne.

Yana ganin ta ya sulale ƙasa ya durƙusa, kansa har yana neman taɓa daɓe. Ita kuma ta juya ta ba su baya, ta ja ɗan mayafin da ya ƙi rufe komai, ta kafa wa bango ido. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige ta ja ƙofa.

Dakta ya yi gyaran murya ya buɗe taro. Ya yi maraba da ɓangarorin biyu. Ya ce nan ba kotu ba ce, kowa ya saki jiki ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce da Hambali ya hau kujera, Hambali ya ce, "Nan ma ya yi, Kawu."

"To, Hambali, maganar buhun nan ce. Me ya sa?"

Hambali ya ƙara sunkuyar da kai. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, aka ji, "Ba komai, Kawu. Za a gyara, in sha Allahu."

"Madalla. Yaya, ke kuma faɗi kokenki."

"Wane koke?" in ji Iyatu, tana magana da bango. "Wa ya ce da kai akwai magana? Ruwa yana isata."

"Yaya, jiya fa kika ce..."

"Ban ce ba."

Ba a yi minti uku ba taro ya watse. Hambali ya fice da baya-baya, ya manta takalminsa ƙafa ɗaya, sai daga baya aka bi shi da shi. Dakta kuwa ya shigo gida yana murza hannu. Ya ce ɓangare ɗaya ya yi alkawarin gyara, ɗayan ya ce ba shi da ƙorafi, a taron ƙasashe in aka samu irin wannan sanarwa har liyafa ake yi. Iyatu ta galla masa harara. Ta dire masa kwanon shinkafa da ƙarfin da sai da miya ta fantsalo masa a riga.

Asabar da hantsi aka sako ruwa. Iyatu da Dakta suna tsaye a ƙarƙashin darbejiyar bakin gona suna hango shi yana sheƙi a gonakin sama. Ya gangaro, ya gangaro, ya iso kan farin buhu ya tsaya. Suka jira rabin awa. Buhu yana nan inda yake, kuma da la'asar za a rufe ƙofar kanal sai wata Talatar.

A nan ne Iyatu ta fashe.

"Shekara talatin kana karatun yadda ƙasashe suke magana da juna, ba ka san yadda suruka take magana da surukinta ba? Ka zaunar da yaron mutane a kan kujera a gabana! Ka fito da ni da mayafin wanke-wanke! Kai a ina aka haife ka, Auta? Ba a ɗakin Inna ba?"

Dakta ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga. A hankali ya ce, "To da can yaya kuke yi? Shekara goma sha ɗaya ba a rasa abin faɗa ba."

Iyatu ta kau da kai. Ta zauna a kan saiwar darbejiya.

"Malam ne," ta ce. "In ina da magana, in gaya wa Malam da safe yana shan koko. Shi kuma in sun haɗu a gona ya gaya masa yadda ba za ta yi zafi ba. In yaron yana da tasa, ta hanyar nan za ta dawo mini. Ban taɓa sanin aiki ne ba sai da ya tafi."

Dakta ya mayar da tabarau idonsa. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ba ta taɓa kama shi a gaban ɗalibai ba.

"Jakada," ya ce. "Jakadanku ne ya rasu, ba a naɗa wani ba. Yana cikin littafina, Yaya, ni na rubuta da hannuna. Na ce aikin jakada na farko shi ne ya je ya gano abin da ɗayan yake tsoro, kafin ya buɗe baki ya nemi komai. Jiya ban tambaye shi ba. Tuhumar sa na yi a gabanki."

"To ka tashi ka je. Kuma ka bar muryar rediyon nan a nan."

Tsakanin darbejiyar da gonar Hambali taku ɗari uku ne a kan siririyar gaɓa mai santsi. Iyatu ta bi shi da kallo yana tafe yana ware hannu kamar mai koyon keke. Ta hango shi ya isa, ta hango Hambali ya durƙusa, sai kuma ta ga abin da ya ba ta mamaki, Dakta ya tattare shadda ya tsuguna a ƙasa kusa da shi. Bayan ɗan lokaci ya dawo yana haki.

"Ya ce yana gaishe ki."

"Gaisuwar zan zuba wa tumatur?"

"Haƙuri, Yaya. Zuwan farko ba a samun komai sai gaisuwa. Me zan ce kin ce?"

Ta juya kai. "Ka ce ina amsawa. Ka ce... ka ce ba fushi nake ba." Ƙarya ce, amma ta san irin ƙaryar da Malam yakan ɗauka ya kai.

Zuwa na biyu ya daɗe. Rana ta take, inuwar darbejiya ta tsuke, Iyatu ta ƙirga komayen da suka riga suka tafi ta sake ƙirgawa. Har ta fara zargin sun koma hirar Masar. Da ya dawo, takalmansa suna hannu, ƙafar wandonsa ta yi baƙi, kuma ba ya dariya.

"Yaya, kin san kwalbatin da kwatar take bi ta ƙarƙashin hanyar amalanke, ƙasa kaɗan da buhun?"

"Na sani."

"A toshe yake. Talatar farko Hambali ya buɗe miki ruwa tun kafin ya ba tasa gonar. Ruwan ya kasa wucewa, ya tumbatsa, ya kwanta a kan albasar Malam Baballe ta gefe, komi shida suka ruɓe. Baballe ya rantse in aka ƙara zai sa a cire wutsiyar layin nan daga rabon ruwa ɗungum. Hambali ya ba shi haƙuri, ya tuge nasa irin albasar ya dasa masa. Shi ya sa ya danne da buhu. Tun ranar kullum yana bakin kwalbatin da gora yana zungura. Yaya, na ga tafin hannunsa. Duk ya saɓule."

Iyatu ta sunkuyar da kai. Mako uku tana tsine wa buhun nan a zuci, wani lokaci har da mai buhun.

"To me ya hana shi aikowa?"

"Na tambaye shi. Ya ce wa zai aika? Kuma ya ce Baba, wato Malam, Allah ya ji ƙansa, shi kaɗai yake buɗe kwalbatin nan duk shekara kafin rana ta yi zafi, in Hambali ya je taya shi sai ya kore shi ya ce ya je ya yi aikinsa. Shi ga shi da ƙuruciyarsa ya yi mako uku ya kasa. Da wane baki zai aiko miki? Yana ta cewa gobe zai buɗe, gobe zai buɗe." Dakta ya share gumi. "Ya ce akwai wani abu a ciki, kamar kamu huɗu daga baki. In gorar ta same shi har ƙara yake, kamar ƙarfe. Kullum ƙara nisa yake yi, amma ya ƙi fita."

"Kamar ƙarfe?"

"Haka ya ce."

Iyatu ta miƙe tsaye ba ta sani ba. "Fantekata!"

"Me?"

"Tsohuwar fantekata ta kayan ɗaki, mai jan baki! Duk farkon damina Malam yakan ɗauke ta ya cusa a kwalbatin, don kada ruwan sama na gonakin tudu ya kwararo ya cinye mana shuka. In rani ya zo ya ciro ta ya kawo mini duk taɓo, in wanke ina mita. Bana shi ya sa ta, wata guda kafin ya kwanta." Ta dafe ƙirji. "Wayyo, yaron nan tura ta yake yi! Bututun can ciki ya fi tsukewa, duk zungura ɗaya ƙara cije ta yake. Ba a tura ta, Auta, jawo ta ake yi. Akwai waya ɗaure da ita. Malam yakan binne wayar ta hannun hagu, ya ɗaure a wani turken ƙarfe a gindin ciyawar kacalla. Ka ce ya tona hagu!"

Dakta ya ɗaga yatsa, idonsa ya sake kawo wannan ƙyallin. "Kin ga, Yaya, wannan shi ne ainihin abin da nake cewa game da tasirin manyan ƙasashe, in ka matsa..."

"Auta, in ka ƙara kalma ɗaya sai na karya maka yatsan nan. Ruga!"

Ya ruga. Mutumin da ake jin muryarsa har Agadas ya zubar da takalma ya kwasa a guje a kan gaɓa, ya zame sau biyu, ya tashi.

Wannan karon Iyatu ta kasa zama. Ta bi bayansa a hankali, ta tsaya kamar taku ashirin daga kwalbatin, ta juya gefe kamar mai duba albasar Baballe, tana kallon su ta wutsiyar ido. Hambali ya shiga tonon gindin kacalla da hannu. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, ga turken!" Suka bi waya suka tono ta. Hambali ya ja, ba ta motsa ba. Dakta ya tuɓe riga ya rataye a kara, ya faɗa cikin taɓo har gwiwa daga shi sai singileti, tumbinsa na zaman ofis a gaba. Suka naɗe wayar a guntun gora, suka kama tare, suka yi bisimilla. Ja na farko ba komai. Na biyu aka ji wani ƙugi daga cikin bututun. A na uku abin ya saki gaba ɗaya, su biyun suka zube da baya cikin taɓo, fanteka ta biyo su tana aman laka.

Hambali bai tsaya goge fuska ba. Ya zura gora ya kwashe sauran yashin, ya haura sama ya rungumi farin buhun ya jefar gefe. Ruwa ya taho ja wur, ya yi ɗan jim a bakin kwalbatin yana juyi, sai ya shige. Da ya ɓullo ta ɗaya bakin, yana tura busasshen ganye da karmami a gabansa, Dakta ya yi wata kururuwa da ba ta dace da mai digiri uku ba.

Kafin a kawo mata fantekar sai da Hambali ya tsuguna ya wanke ta tas a cikin ruwan, sannan ya miƙa wa Dakta da hannu biyu. Ta lotsa ta gefe ɗaya inda gora ta yi ta dukanta. Iyatu ta karɓa ta juya ta. Wayar tana nan a hujin bakinta, murɗi uku, an lanƙwasa tsinin an mai da shi ciki an danne. Haka Malam yake yi kullum, tun wata shekara da tsinin waya ya yanke ta a yatsa tana wanki. Ko a wannan ɗaurin na ƙarshe bai manta ba. Ta sa babban yatsa ta shafa wurin, ba abin da ya soke ta. Duk zaman takaba ta yi shi da ƙarfin hali, masu zuwa gaisuwa har yaba mata suke yi, amma a nan, a tsaye a kan gaɓar kwata da tsakar rana, kewar mijinta ta kama ta ta yi kuka sosai. Dakta ya tsaya kusa da ita yana ɗigar da taɓo, ya rasa abin faɗa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ruwa ba ya jiran mai kuka. Ta share ido da bakin mayafi, ta kife fantekar a ka, ta bi shi da sauri har gona, ta ɗauki fartanya ta shiga sare bakin komaye ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar tana sha tana ƙara. Layi biyu na can ƙarshe sun riga sun tafi, ko an ba su kogi ba za su tashi ba. Sauran kuwa akwai rai a jikinsu, ta san zuwa gobe da safe za su ɗago.

Da ta ɗago don ta miƙe baya, sai ta ga Hambali ya biyo ruwan yana gyara gaɓa inda take yoyo. Ya iso har kusurwar gonarta ya tsaya a nan, ya juya baya, yana ta danna laka a wurin da ba ya buƙatar laka. Dakta kuma ya baje a gindin darbejiya yana numfashi da baki.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Tashi ka je ka ce masa Allah ya yi albarka. Ka ce in ya koma gida ya shafa man kaɗe a hannun, kada ya sa omo. Ka ce kuma irin albasar da ya bayar, akwai ragowar na Malam a rumbu, ya aiko a ɗauka."

Dakta ya ɗaga kai da ƙyar ya dubi Hambali, ya dube ta. "Yaya, ga shi nan fa. Ko taku goma babu. Duk abin da kika faɗa ya ji."

"Na san ya ji," in ji Iyatu, ta sunkuya ta sare bakin komi na gaba. "Tashi ka je ka gaya masa."

Dakta ya dafa saiwar darbejiya ya miƙe yana nishi, ya gyara tabarau da suka yi dabbare-dabbare da laka, ya taka taku goman nan ya tsuguna kusa da Hambali, ya fara da sallama.